Tsadar Haya a Tsakiyar Garwa da Haƙƙin Ɗan Haya a Kan Inuwa

Kuɗin haya a Garwa, a arewacin Kamaru, ya daɗe da daina bin girman ɗaki. Ciki da falo iri ɗaya, wanda aka gina da bulo ɗaya aka rufa da kwano ɗaya, yana iya samun farashi uku gwargwadon inda yake: na kusa da babbar kasuwa da ofisoshin gwamnati daban, na Marware da Plato daban, na can gefen Jambutu ko Lainde kuma daban. Abin da ɗan haya yake biya a tsakiyar gari shi ne kusanci, wato ya fito ya tarar da kasuwa da asibiti da makarantar yara da wurin aikinsa ba tare da albashinsa ya ƙare a hannun 'yan acaɓa ba. Wannan kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba, wanda kuma shi ya sa ni wannan rubutu, shi ne cewa yawancin sababbin gidajen haya da ake ginawa a cikin gari sun raba mai haya da fili da inuwa, abubuwa biyu da iyayenmu ba su taɓa lissafa su cikin kayan alatu ba, kuma a halin da ake ciki babu mai iya mayar masa da su sai garin da yake zaune a cikinsa.

Dalilan tsadar ba ɓoyayyu ba ne. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2005 ta ba birnin Garwa mutane kusan 236,000, kuma duk wanda ya san inda gari ya tsaya a wancan lokaci, ya kuma ga inda gine-gine suka kai yau a kan hanyar Pitowa da ta Gashiga, ya san wannan adadi ya zama tarihi. Garwa ce hedikwatar jihar Arewa, a nan babban ofishin kamfanin auduga na Sodecoton yake, a nan aka kafa masaƙar Cicam, ga filin jirgin sama, ga ma'aikatan gwamnati da ake turowa daga kudu kowace shekara, kowa da iyalinsa. Tun daga 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta a jihar Arewa Mai Nisa, iyalai da dama suka gangaro nan neman kwanciyar hankali, kuma da yawansu sun zauna ke nan. Sai kuma watan Janairun 2022, wanda ya zo da abubuwa biyu a tare. Shugaban ƙasa ya sa hannu a kan dokar kafa Jami'ar Garwa, sannan filin wasa na Rumde Ajiya ya karɓi wasannin rukunin D na gasar cin kofin Afirka, rukunin da ya haɗa Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau. 'Yan'uwanmu daga Yola da Mubi da Kano suka cika gari, masu gidaje suka ga abin da ɗaki mai gado da na'urar sanyaya wuri yake kawowa a dare ɗaya, kuma wasu daga cikinsu ba su sake komawa lissafin wata ba. Baƙin ƙwallo sun tafi a cikin 'yan makonni, amma ɗalibai da malaman jami'a zama suka zo yi, kuma kowannensu ɗaki yake nema.

Nauyin da ya fi karya ɗan haya shi ne kuɗin shiga. A ce mutum ya sami ciki da falo a kan sefa 40,000 a wata, mai gida ya ce sai an ba shi na wata shida gaba, da na wata biyu a matsayin ajiya saboda ɓarna, dillali kuma ya karɓi na wata ɗaya la'adarsa. Kafin a miƙa masa mabuɗi sai ya ajiye sefa 360,000. A watan Maris na 2023 gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu, ban da na aikin gona, a kan sefa 60,000, ke nan wanda yake kan wannan albashi sai ya tara na wata shida cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya shiga ɗakin da kuma zai riƙa cinye kashi biyu cikin uku na abin da yake samu. Ina jin uzurin masu gidaje, domin siminti da rodi sun yi tsada, kuma da yawa daga cikin masu ba da haya a unguwanninmu zawarawa ne da tsofaffin ma'aikata waɗanda ɗakunan nan su ne fanshonsu. Sai dai doka ta riga ta tsaya musu. Sashe na 322-1 na kundin hukunta laifuffuka na ranar 12 ga Yulin 2016 ya ce ɗan hayar da yake da yarjejeniya mai rajista, ake binsa kuɗin wata biyu, aka kai masa takardar gargaɗi, wata ɗaya ya wuce bai biya ba kuma bai tashi ba, yana iya fuskantar ɗaurin wata shida zuwa shekara uku, ga kuma tarar sefa 100,000 zuwa 300,000. Wanda doka ta ba wannan makami bai kamata ya ƙara da neman kuɗin rabin shekara daga hannun matashin da bai ma fara karɓar albashi ba. Abin takaicin shi ne yawancin hayar da ake yi a nan da baki ake ƙulla ta, babu takarda balle rajista, saboda haka mai gida ba ya cin moriyar dokar, shi kuma ɗan haya ba shi da abin da zai nuna ranar da aka ce masa an ƙara kuɗi daga wata mai kamawa.

Gwamnati tana da hukumomin gidaje tun da daɗewa, SIC tun 1952, Maetur da bankin ba da rancen gina gidaje tun 1977, kuma shirin gaggawa na 2014 ya ware gidaje 100 ga kowace hedikwatar jiha in ban da Yawunde da Duwala. Gida ɗari a gari irin Garwa ba zai motsa farashi ba. Masu zaman kansu ne suke gina wa gari ɗakunan haya, kuma yadda suke ginawa shi ne inda maganata ta dosa.

A bazarar da ta wuce na raka ɗan yayata, wanda aka turo koyarwa a wata sakandare, duba wani gidan bene a tsakiyar gari. Da azahar muka je, a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa yakan haura digiri 40. An cinye filin gaba ɗaya da gini, daga katanga zuwa katanga, kuma a bakin ƙofa ga kututturen wata darbejiya da aka sare don a fitar da shago. Muka hau sama. Na ɗora tafin hannuna a bangon ɗakin kwana na ji shi da zafi, na buɗe taga na tarar da bangon maƙwabci a inda hannu zai iya taɓa shi. A kan matakala wata baiwar Allah ta ajiye murhun gawayi tana fifita wuta, kayan yara kuma an shanya su a kan ƙarfen bene. Dillalin ya ce da ni, "Alhaji, ka dubi tayil, ka dubi banɗaki a ciki, irin wannan ba ya kwana biyu a hannuna." Yaron ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, to yaran a ina za su riƙa wasa?" Dillalin ya ji, ya nuna ƙasa da hannu ya ce, "Malam, ga titi nan, 'ya'yan kowa a nan suke." Na leƙa titin na ga babura suna gittawa ba ƙaƙƙautawa, da buɗaɗɗiyar kwata a gefe. Yaron ya karɓi gidan duk da haka, domin daga nan zai iya zuwa makaranta da ƙafa, kuma ban ga laifinsa ba.

Wanda ya tashi a tsofaffin gidajen Hausare ko Fulɓere ko Kollere ya san cewa ɗaki wurin ajiye kaya da kwanan damina ne, rayuwar gida kuwa a waje ake yin ta. Akwai zaure inda mai gida yake karɓar baƙi, almajirai su yi karatun allo. Akwai tsakar gida mai darbejiya ko mangwaro, da randa a gindin bishiya, inda ake daka da girki da wanki da kitso, inda ake taron suna da zaman makoki, inda kuma kowa yake shimfiɗa tabarma ya kwana idan bazara ta hana barci a ɗaka. A ƙofar gida akwai dakali na majalisar dattawa, a tsakiyar unguwa kuma akwai dandali na yara da 'yan mata a daren farin wata. Ginin haya na yau ya ɗauki ɗakin ya watsar da sauran, saboda kowane taku na ƙasa da aka bari babu rufi, a lissafin mai gini, kuɗi ne aka yar. Iyalin da yake zaune a ciki da falo a bene ba shi da inda zai zauna da yamma, ba shi da inda tsohuwa za ta miƙe ƙafa, ba shi da inda yaro zai yi gudu. Shi ya sa nake cewa lambun shaƙatawa na jama'a shi ne tsakar gidan ɗan haya, kuma ya kamata a riƙa lissafa shi tare da ruwa da wuta da hanya idan ana maganar abin da unguwa take buƙata.

Ruwa da wuta da hanyar kuwa su ne suke raba farashin unguwanni. Gidan da famfonsa yake kawo ruwa ya fi tsada a takarda, amma wanda yake sayen jarka daga 'yan garuwa kullum yana biyan bambancin da ƙari, kuma matarsa da 'ya'yansa ne suke biya da wahala. Wutar lantarkinmu daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin, mai ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwan madatsar ya ja baya, kamar yadda aka gani a 2021, sai jihohin arewa uku su shiga rabon wuta. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage matsalar, amma daren da aka ɗauke wuta a watan Afrilu, mai tsakar gida yakan fito da tabarmarsa, mazaunin bene kuwa sai ya kwana yana fifita da kwali. Ita ma hanya kuɗi ce. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a watan Fabrairun 2023, ta kuma koma 840 a Fabrairun 2024, sannan cire tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya ɗaga farashin na kwalba da 'yan acaɓa suka dogara da shi. Wanda ya gudu bayan gari don ya rage sefa 15,000 a haya, in yana biyan 300 zuwa 300 dawowa a kwanakin aiki 26, ya riga ya mayar da 15,600 a kan babur shi kaɗai, ban da na 'yan makaranta. Ɗakuna masu araha da suka rage kusa da gari kuma galibi a kwari suke, kuma waɗanda suka ga ambaliyar Binuwai ta 2012 sun san dalilin arahar.

Gaskiya ne an yi wa Garwa aiki a wannan fanni. A ƙarƙashin yarjejeniyar C2D, wadda take mayar da bashin da Faransa take bin Kamaru zuwa ayyukan raya ƙasa, an zaɓi Garwa tare da Bafusam da Bertuwa, aka yi tituna da magudanan ruwa da kasuwanni, aka kuma gyara lambun itatuwa da ake kira Parc Boisé. Muna da gidan namun daji, muna kuma da makarantar horar da jami'an kula da namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suke zuwa, ke nan masana itace da ƙasa ba su yi mana ƙaranci ba. Ina murna da waɗannan duka. Amma babban lambu guda ɗaya wurin zuwa ne ranar sallah ko ranar Lahadi, kuma matar da take da yara uku, wadda sai ta hau babur biyu kafin ta kai su, ba za ta je ranar Talata da la'asar ba. Abin da ɗan haya yake buƙata shi ne ƙaramin fili mai inuwa wanda ƙafa take kaiwa, wanda uwa za ta iya tura yaro ta kuma aika a kira shi idan magariba ta yi.

Irin wannan fili akwai shi a unguwarmu, kuma na tabbata akwai irinsa a unguwanni da yawa. Dattawa sun ce tun lokacin da aka yanka filaye aka bar shi don amfanin jama'a. Yau kusurwa ɗaya ta zama juji, leda tana tashi duk lokacin da iska ta kaɗa, a ɗaya kusurwar an jibge gawar motoci biyu, a ta uku kuma wani ya fara jera bulo, sahu uku, ya dakata yana jiran ya ga ko za a yi magana. A tsakiya samari suna buga ƙwallo da yamma a cikin ƙura, da duwatsu a matsayin raga. Akwai tsohon madaci guda ɗaya da masu neman magani suka sassaƙe ɓawonsa har iya inda hannu yake kaiwa. A gindinsa wata dattijuwa take soya ƙosai da safe, kuma ita ce ta dasa 'ya'yan darbejiya biyu a gefen wurin zamanta, ta kewaye ɗaya da ƙaya, ɗaya kuma ta kifa masa tsohon kwando marar gindi saboda awaki. Idan ta tashi daga sana'a sai ta juye musu ruwan da ta wanke roba da shi. Na taɓa ce mata, "Inna, waɗannan ai sai jikoki su sha inuwarsu." Ta ce, "Ɗana, in Allah ya raya su, ko wa ya sha ai an sha." Itatuwan nan biyu sun ƙetare rani, sun kai ƙugun mutum yanzu, alhali da yawa daga cikin waɗanda aka dasa a gefen manyan hanyoyi da taro da jawabi sun bushe kafin hunturu ya fita.

Gyaran irin wannan wuri daga takarda yake farawa, domin muddin babu shaidar da ta nuna cewa filin na jama'a ne, duk abin da aka zuba a cikinsa ana ƙawata wa mai bulo ne. Dokokin ƙasa na ranar 6 ga Yulin 1974 sun ce dukiyar da aka sanya cikin mallakar jama'a ba a sayar da ita, kuma daɗewa a kanta ba ya mayar da ita ta mutum. Dokar tsara birane ta ranar 21 ga Afrilun 2004 kuma ta ɗora wa hukumomin gari nauyin tsara yadda za a yi amfani da ƙasa. Abin da ya rage shi ne mutanen unguwa su nemi a auna filin, a kafa masa duwatsun iyaka, a shigar da shi cikin taswirar gari da sunan wurin shaƙatawa, a kuma ba jauro, wato mai unguwa, da limami kofin takardar. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar da take cinye filayen jama'a a garuruwanmu ita ce rashin wannan takarda.

Bayan takarda sai ruwa, kuma a nan nake so in daɗe, saboda a nan ne yawancin ayyukan dashe suke mutuwa. Damina a Garwa daga wajen Mayu take zuwa Oktoba, yawancin sauran watannin kuwa ko ɗigo babu. Itacen da aka dasa a watan Yuni yana samun ruwan sama na 'yan watanni, sannan ya shiga rani mai tsawo da saiwar da ba ta yi nisa ba, kuma idan babu mai ba shi ruwa a ranin farko da na biyu, to an yi asarar kuɗin iri da na rami. Ƙasar nan ta fara shirin dashen itatuwa na Sahel Vert tun shekarun 1970, aka sake farfaɗo da shi a 2008, saboda haka darasin ba sabo ba ne. Lambun unguwa yana buƙatar rijiyar burtsatse mai famfon hasken rana da tanki tun kafin a haƙa ramin dashe ko ɗaya, kuma idan aka fitar da kan famfo ɗaya ta wajen shinge don matan unguwa su ɗiba, za a ga yadda mutane suke tsare abin da suke sha daga gare shi. Zaɓen itacen ma sai an yi shi da hankali. Darbejiya tana da saurin girma da jure fari, ita ce kuma ta rufa wa titunan Garwa da Marwa asiri, amma bai kamata a cika fili da iri ɗaya ba. Madaci yana jinkiri, sai dai inuwarsa ta shekaru aru-aru ce in an kare ɓawonsa. Tsamiya tana ba da inuwa mai kauri da 'ya'ya. Gawo yana da wata baiwa da ta dace da mu, domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore, daidai lokacin da ake neman inuwa. Ceɗiya da durumi a nisanta su daga katanga da bututun ruwa saboda saiwarsu, itacen turare kuwa a bar shi, yana shan ruwa da yawa kuma inuwarsa ba ta da kauri. Ciyawar da ake shimfiɗawa don hoto ba ta dace da garin da mutane suke sayen ruwa a jarka ba. Yashi mai tsabta a ƙarƙashin itace ya wadatar.

Akwai tambayar da masu zana irin waɗannan wurare ba su cika yi ba, ita ce wa zai zauna a ciki. Idan aka bar fili a buɗe ba tsari, samari masu ƙwallo ne za su mallake shi, kuma suna da haƙƙi, amma waɗanda suka fi ƙuntata a gidajen haya mata ne da ƙananan yara da tsofaffi. Mace mai mutunta kanta ba za ta zauna a bencin da yake fuskantar titi a tsakiyar majalisar maza ba. A ware musu ɓangare mai shingen shuke-shuke, da dakali mai faɗi da za a iya shimfiɗa tabarma a kai, kusa da wurin wasan yara, yadda uwa za ta ga ɗanta daga inda take zaune. A yi banɗaki biyu da mai kula da su, a yi wurin alwala da ɗan filin salla, domin wurin da mutum zai bari da zarar an kira la'asar ba wurin zama ba ne. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, saboda tsaro, kuma saboda ɗaliban da suke shirin jarrabawar ƙarshen shekara a watannin Mayu da Yuni, waɗanda muke gani da littattafansu a gindin fitilun titi idan ɗaki ya gagari zama.

Ban yarda a sa kuɗin shiga ba, ko da sefa 100 ne, domin mai yara huɗu zai lissafa ya fasa, kuma shi ne aka yi wurin dominsa. Kuɗin mai gadi da mai ban ruwa da mai shara ana iya samo su daga 'yan rumfuna kaɗan a bakin shinge, a ba mai shayi da mai tsire da mai fura da nono haya mai sauƙi, ita ma dattijuwa mai ƙosai a bar ta a wurinta ba tare da an karɓi komai daga hannunta ba, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a kan allo inda kowa zai gani. Attajiran unguwa da suke neman sadaka mai gudana su ma ga ƙofa, tunda ya tabbata a hadisi cewa Musulmi ba zai dasa itace ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa ladan sadaka.

Wani abokina da muka yi wannan magana da shi ya kawo hujjar da ba zan iya turewa ba. Ya ce ranar da filin nan ya zama lambu, masu gidajen da suke kewaye da shi za su ƙara haya, waɗanda suka yi wahalar share juji kuma su ne za a fara cewa su tashi. Haka ne, yana faruwa, kuma mun ga yadda sabon kwalta yake ɗaga haya a layin da ya bi. Amma abin da yake sa inuwa ta yi tsada shi ne ƙarancinta. Idan lambu ɗaya ne a gari, zama kusa da shi sai mai hali. Idan kowace unguwa, daga Yalwa zuwa Lopere zuwa Bibemire, tana da nata ƙaramin fili mai itace da ruwa, babu mai gidan da zai ce nasa ne kaɗai yake da shi. Kariya ta biyu kuma ita ce rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi kuɗi da tsawon lokaci, wadda za ta hana a tashi da safe a ƙara haya don kawai an ga itace ya yi ganye. Barin fili a matsayin juji don kada haya ta tashi bai taɓa hana ta tashi ba, kuma a ƙarshe mai bulo ne yake cin ribar jiran.

Dokar ƙananan hukumomi ta ranar 24 ga Disamban 2019, wadda ta kawo zaɓaɓɓen magajin gari a madadin wakilin da gwamnati take naɗawa, ta ba kowane mazauni damar kai shawara ga hukumar garinsa, da damar neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, ta kuma amince da kwamitocin unguwa. Garwa tana da ƙananan hukumomi uku da babban ofishin magajin gari, saboda haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da na roƙi jauronmu, kuma nake roƙon sauran masu unguwanni, shi ne idan za a kira taron filin a kira 'yan haya tare da masu gidaje, a kuma ba mata wakilci na gaske a cikin kwamiti, domin al'adar da aka saba ita ce a ɗauki ɗan haya a matsayin baƙo ko da ya shekara ashirin a layi. A ƙarshen shekara majalisun ƙananan hukumomi suke zartar da kasafin shekara mai zuwa, ke nan takardarmu ta neman a auna fili da haƙa rijiya dole ta isa ofis kafin kaka ta wuce, idan muna so ruwa ya kasance a wurin kafin dashen watan Yuni.